Taubashin Mai Shari'a

"To, bayan maganar satar gyaɗar, sai kuma me ka ce masa?" in ji Alhaji Aminullahi.

"Na ce matsoraci ne."

"Matsoraci. Madalla. Sai me?"

Manu ya dubi tabarma, ya dubi azarar zauren, bai ga mai cetonsa ba. Ya ce, "Na ce hannun jarirai gare shi. Ko ruwa ya ɗiba a tafinsa ba ya ɗiga."

Malam Hadi, tsohon hedimasta, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, kamar in ya ƙara ganin Manu da kyau maganar za ta sake. Ya ce, "Shi baƙon bai tambaye ka me ke tsakaninku ba?"

"Ya tambaya, Malam."

"Ka ce masa me?"

"Na ce ubangidansa ne ni, gadonsa na yi."

Alhaji Aminullahi shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban garin Sara. In ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, carbinsa ne ke ƙara gudu. Yanzu carbin gudu yake kamar an biyo shi. Ya ce, "Wato shekara da shekaru garin nan yana roƙon Allah ya ba shi babban alƙali. Allah ya amsa, ya kawo abin har bakin ƙofa, kai kuma ka tare shi a 'yan awaki ka kora."

"Alhaji, ni na ɗauka akuya ya zo saye."

Abin da ya faru shi ne, ranar kasuwar da ta wuce wani baƙo mai tsabtataccen takalmi ya shigo 'yan awaki. Ya shafa bayan wata akuya irin shafar wanda bai taɓa taɓa akuya ba, ya taya, bai saya ba. Can cikin hira ya ce shi ya ji an ce Babban Majistare Saifullahi ɗan garin nan ne, ko akwai wanda ya san shi sosai? Dillalai suka nuna Manu baki ɗaya, suna dariya tun kafin a fara, don sun san abin da za su sha. Manu kuwa ya gyara tsayuwa ya ba su. Sai da baƙon ya tafi aka ji daga bakin ɗan acaɓar da ya kai shi tasha cewa jami'in bincike ne. An sa sunan Saifullahi cikin waɗanda ake tantancewa don zama alƙalan Babbar Kotun Jiha, shi ne aka turo a ji halinsa a mahaifarsa. Kafin la'asar duk Sara ta san cewa in kujerar nan ta kuɓuce, bakin Manu ne ya ture ta.

Manu, sunansa na yanka Usmanu, dillalin awaki ne tun gemunsa bai fito ba. Kakanninsa masu shanu ne. Shanun suka ƙare, Fulatancin ya bi su, abin da ya rage masa sai sunan da sanda da baki. Bakin ne jarinsa. Akuya ɗaya takan zama biyu a bakinsa cikin yini ɗaya: da hantsi, a hannun mai ita, tsohuwa ce mai tari wadda ba lalle ta ga kaka ba, da azahar, a gaban mai saye, 'yar gidan mutunci ce, uwarta tagwaye take zubawa, kakarta ma haka. Ba ya ganin wannan a matsayin ƙarya. Yakan ce kowace dabba tana da gaba tana da baya, shi dai juya ta yake yi.

Uban Manu da Batulu, mahaifiyar Saifullahi, ciki ɗaya suka fito. Manu ɗan namiji, Saifullahi ɗan mace, wato taubasai. Taubashi kuwa ba ya yabon taubashi. In ka gan shi da sabuwar riga ka ce aro ya yi. In ya yi aure ka yi wa amarya jaje. Ranar da aka ji ka faɗi alherinsa a gaban mutane sai a tambaya ko ɓatawa kuka yi. Tare aka sa su firamare, amma ranar kasuwa da ranar makaranta suka yi ta karo a kan Manu har kasuwa ta yi nasara. Saifullahi ya wuce sakandare a Birnin Kudu, ya wuce jami'a, ya zama lauya, ya zama majistare, ya zama babban majistare. Duk matakin da ya taka, zagin Manu sai ya ƙara daraja. Ranar Sallah in Saifullahi ya zo gida da mota, dattawa na gyara murya, samari na durƙusawa, sai ka ji Manu daga can nesa yana cewa, "Bawa, zo ka riƙe min igiyar nan." Shi kuma sai ya zo, cikin shaddarsa mai sheƙi, ya riƙe igiyar bunsuru yana cewa Allah ya 'yanta shi daga matsiyacin ubangida. Manu ba shi da mota, ba shi da gidan siminti. Wannan yake da shi, kuma a Sara kaf babu mai irinsa.

Maganar tsoro kuwa da tushenta. Wata shekara akuyar sata ta bi ta hannun Manu ba da saninsa ba, aka yi ƙara, aka kira shi kotu. Lokacin Saifullahi ne majistare a kotun Gwaram. Manu ya shiga yana taku ɗai-ɗai kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Saifullahi ya ɗaga kai ya gan shi, ya rufe fayil, ya ce wannan ɗan'uwansa ne, ba zai saurari shari'ar ba, a mayar da ita gaban wani alƙali a Birnin Kudu. Damina guda Manu ya yi yana zarya a bayan acaɓa kafin a wanke shi. Tun daga nan ya samu labarin da ya fi so: yadda bawansa ya hango shi a kotu ya tsere daga kan kujera. Wannan ma ya ba baƙon, har da kwaikwayon yadda aka rufe fayil ɗin.

Malam Hadi ya ce, "Kai ba ka san yadda abin yake ba ne. Ba naɗin mai unguwa ba ne, da za a taru a ƙofar fada a naɗa rawani a watse. Sai mutum ya shekara goma da zama lauya kafin a ko dube shi. In gurbi ya samu, hukumar shari'a ta jiha ta tara sunaye ta tace, ta ji ta bakin lauyoyi da manyan alƙalai, ta tura a binciko halin mutum. Daga nan a aika Abuja, majalisar shari'a ta ƙasa ta kira su ta yi musu tambayoyi. Wanda ta amince da shi, shi za ta miƙa wa Gwamna ya naɗa. Kuma kowace kujera suna biyu ake aikawa, na gaba da na ko-ta-kwana."

Manu ya ce, "Ashe irin namu ne. In za ka kai wa mutum ragon layya biyu kake kaiwa, ɗaya don a ƙi shi."

"To, kai ka mai da namu wanda za a ƙi."

Babu wanda ya yi dariya. Zauren cike yake da masu kishin gari, kuma kowane mai kishi yana da abin da ya ajiye a bayan kishin. Alhaji Aminullahi yana da rigimar fili a bakin titi da ta daɗe tana tafiya da rarrafe. Surukin Malam Hadi yana da shari'ar taki da aka ce ya ɓata a hannunsa. Wani yana da ɗa da ke son aikin masinja, wani yana da ƙanin da 'yan sanda suka san sunansa fiye da yadda ya kamata. Babu wanda ya ambaci nasa. Duk cewa suke yi gari ne zai ci gaba.

Aka yanke shawara: Manu ya ɓata, Manu zai gyara. An ji cewa jami'in yana da ofis a Birnin Kudu. Za a kai Manu can ya janye maganarsa, ya yabi Saifullahi yabo na sosai, a sa a cikin rahoto.

Nan aka gane akwai aiki. Washegari aka zaunar da shi a zauren don gwaji, Malam Hadi ya zama jami'i, ya ce, "Malam Manu, yaya ka san Saifullahi?"

Manu ya buɗe baki. Ya rufe. Ya ce, "Mutum ne... yana da tsawo."

"Tsawo ake nema?"

"Ba ya wari."

Alhaji ya ce, "Kai da kake sayar da akuya mai ƙazuwa a matsayin amarya, ɗan'uwanka ne ba za ka iya yabo ba?"

"Alhaji, akuya ba taubashiyata ba ce."

Malam Hadi ya yi shekaru yana koyar da yaran da ba sa son karatu, ya san ta inda ake kama su. Ya ce, "To, rufe ido. Ka ɗauka rago ne, an ba ka ka sayar, ga mai saye a gabanka, kuma kasuwa ta kusa tashi."

Manu ya rufe ido. Sai bakin ya kama kamar injin niƙa da aka zuba wa mai. Irin gidan ƙwarai, ƙashi mai kyau, lafiyayye, ba ya harbi, ba ya ɓarna, in ka ɗaure shi a wuri nan za ka dawo ka same shi. Zauren ya ɗauki kabbara a hankali. Sai dai Alhaji ya ce wannan yabon rago ne, yanzu a zuba masa na mutum, kuma shi zai faɗi abin da ya kamata hukuma ta sani game da ɗan Sara na gari.

Suka haɗu suka tsara masa. Saifullahi mai zumunci ne, ba ya ƙin nasa. Duk ɗan garin da ya shiga hannu, waya ɗaya ake yi masa ya fitar da shi. Ba ya mayar da hannun kyauta baya, komai ƙanƙantarta, don ba shi da girman kai. Yana jin maganar manya: in dattawan gari suka ce ga yadda suke so a yi, ba ya tsallakewa. Ko ɗaya daga ciki bai taɓa faruwa ba, amma kowa a zauren ya yarda cewa in bai yi a baya ba, ai zai yi nan gaba, kuma babu laifi a yabi mutum da halin da ake fata ya yi. Manu ya haddace tsaf. Da dare ya yi wa matarsa Zahara'u gwaji, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan wa ye? Ka kawo mana shi ya auri 'yarmu Hidaya."

Ranar tafiya Alhaji ya fito da motarsa, ya sa Manu a gaba don kowa ya ga an kama mai laifi. Da suka isa Birnin Kudu Manu ya ce ba zai shiga gari ya wuce ƙofar goggonsa Batulu, wadda ta koma can da zama, bai gaishe ta ba. Wannan ba abin musu ba ne. Alhaji da Malam Hadi suka tsaya a inuwar darbejiya, shi ya shiga.

Goggo Batulu tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale. Kusa da ita, a kan tabarma, da singileti da kwanon fura, ga Babban Majistare. Tun da aka sa sunansa ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina zaman majalisa, in ya samu hutu sai ya zo ya ɓuya wurin uwarsa kamar amaryar da aka sa a lalle.

Manu ya durƙusa ya gaida Goggo, ta tambayi Zahara'u da yara da kasuwa. Sannan ya juya ya ce, "Goggo, har yanzu ba ki yaye wannan ba?"

Saifullahi bai ɗaga kai daga furar ba ya ce, "Inna, a duba kajin gidan nan, dillali ya shigo."

"Ka gode wa Allah, bawa. Yau 'yanta ka na zo yi."

Ya ba su labari tun daga baƙo mai takalmi. Saifullahi ya yi dariya har ya ajiye ludayi, ya ce gyaɗar ai tare suka sata, kuma Manu ne ya ci mai yawa. Da aka zo kan gyara, Manu ya miƙe tsaye, ya juya wa taubashinsa baya don bakinsa ya iya, ya rufe ido, ya karanto yabon dattawan Sara daga farko har ƙarshe, da murya mai daɗi, irin wadda yake ajiye wa ragunan Sallah.

Da ya buɗe ido ya juyo, dariyar ta tafi. Saifullahi yana kallonsa kamar wanda aka nuna wa kabarinsa.

"Wannan za ka faɗa? A ofishin?"

"Har da ƙari in an tambaya."

"Manu, zauna." Ya matsa masa a tabarma. "In ka faɗi wannan, ba kujerar sama ba, ta ƙasan ma da nake kai sai an karɓe. Ka je ka gaya wa hukuma ina karɓar kyauta, ina sakin masu laifi da waya, dattawa ne ke rubuta min hukunci. Me ya rage? Sai ɗaurin."

"Ai yabo ne."

"A Sara yabo ne."

Goggo Batulu ba ta daina tsinke zogalenta ba. Ta ce, "Raguna nawa na kora daga ƙofar nan, Manu, wasu ma da igiyar da na san ɗaurinka ce. Ni da nake son nama. Yanzu ka zo ka ce mun ci."

Manu ya zauna. Ya ce, "To, zagin fa? Na ce kai marowaci ne, na ce ka gan ni a kotu ka gudu."

"Allah ya sa baƙon ya rubuta da manyan baƙaƙe. Don Allah, don zumunci, kada ka gyara komai. Ka bar ni a zage."

Dillali ba ya jin ana roƙonsa bai sa farashi ba. Manu ya gyara zama, ya jawo kwanon furar gabansa ya sha, ya goge baki. Ya ce, "Yabon nan na sha wuya kafin na haddace shi. Ba zan zubar a banza ba. Ka faɗa a gaban Goggo, wane ne ubangida?"

Saifullahi ya dubi uwarsa. Ta ce, "Ni ba ruwana, tsakaninku ne."

"Kai ne."

"Ban ji ba. Kunnen nan kasuwa ta kashe shi."

"Kai ne ubangida, ni ne bawa. Allah ya isa."

"An sallama," in ji Manu.

Da ya fito ya gaya wa Alhaji cewa ba za shi ofishin ba, ya yi ƙoƙarin bayani. Alhaji ya saurara, carbi yana gudu. Bai ga ta yadda za a ce zumunci laifi ne ba, kuma bai yarda akwai hukumar da za ta ƙi mutum don yana jin maganar manya ba. Malam Hadi ya ji abin ya taɓa wani wuri a karatunsa na da, amma ya tuna surukinsa ya bar shi ya wuce. Suka yanke cewa hassada ce, irin ta ɗan'uwan da aka bari a baya. Shi kuma Saifullahi da suka nemi ya fito su gaisa, aka ce yana barci. Manu a motar haya ya koma Sara.

Watannin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Masu awaki suka riƙa wuce shi suna miƙa igiya ga wasu dillalan. A masallaci sahu yakan ɗan yi faɗi a gefensa. Mai shayi ya fara ba shi kofin da ya tsage. Zahara'u ta je suna aka yi mata habaici da masu baƙin ciki da arzikin dangi, ta dawo ba ta ci tuwo ba. Shi kansa Manu wani lokaci yakan tsaya da igiya a hannu ya yi tunani: in fa lissafin bawan nan bai yi daidai ba? In aka fito da sunaye babu nasa, babu wanda zai tuna yabon da ba a yi ba. Gyaɗa za a tuna.

Bayan an gama girbin gero aka faɗa a rediyo. Sunan Saifullahi yana ciki. Sara ta ɗauka kamar an ga wata. Ƙungiya ta yi hayar mota zuwa Dutse wurin rantsarwa, aka buga hoton Mai Shari'a da na Alhaji Aminullahi a ƙyalle ɗaya, na Alhaji ya ɗan fi girma. Ba a ce da Manu ya zo ba. Alhaji ya yi wa mutane bayani cewa addu'ar dattawa ce ta rinjayi bakin mahassada.

Murnar ba ta kai damina ba. Shari'ar filin Alhaji da aka yi ta dabara har ta faɗo gaban sabon alƙali, ranar farko ya dubi sunayen ya ce mutanen garinsu ne, a mayar wa Babban Joji ya ba wani. Ta surukin Malam Hadi ma haka. Buhun shinkafar da ƙungiya ta aika na taya murna ya dawo a motar da ta kai shi, da godiya. Lambar wayarsa ta canza. A hankali Sara ta gano cewa a duk alƙalan jihar akwai guda ɗaya tak da ba zai taɓa sauraron ɗan Sara ba, kuma shi ne wanda ta yi wa addu'a.

Manu ya gan shi sau ɗaya, da Sallah, a gidan Goggo. Ɗan sanda ne a ƙofa, ya ce, "Wa kake nema?"

"Bawana."

Ɗan sandan bai yi dariya ba, bai kuma matsa ba. Sai da Goggo ta aiko aka shigar da shi. Saifullahi ya yi ƙiba kaɗan, ya yi shiru da yawa. Ya ce yanzu in ya shiga wuri kowa tashi yake, in ya yi barkwanci mara daɗi lauyoyi dariya suke har da riƙe ciki, abinci shi kaɗai yake ci, kuma haka za a yi ta yi har ya shekara saba'in in da rai. Ya ce, "Zage ni, Manu. Na kwana biyu ban ji gaskiya ba."

Manu ya zage shi daidai gwargwado, ya taɓo ƙibar, ya taɓo gashin dokin da alƙalai suke ɗorawa a ka. Suka yi dariya. Da zai tafi Saifullahi ya rako shi har zaure, ya tsaya daga ciki, ya ce, "Amma a gaban mutane, ka gane. Kujerar ba tawa ba ce. Ko ni ban hukunta ka ba, wani zai ce an raina kotu. Kuma ragon layya bana kada ka kawo, a wurin baƙo zan saya."

Manu ya ce ya gane. A hanya ne ya lissafa cinikin da kyau. Wasan taubashi a ɗaki, babu 'yan kallo, kamar kasuwa ce da dillali da akuya kawai. An ce masa ubangida a gaban tsohuwa ɗaya da kwanon zogale, shi kuma ya ba da igiyar bunsurun ranar Sallah har abada. Tun da yake dillanci ba a taɓa yi masa wayo irin wannan ba.

Wata ranar kasuwa Alhaji Aminullahi ya shigo 'yan awaki neman tunkiyar suna. Masu awaki sun dawo wa Manu tuni, ba tare da kowa ya ce yi haƙuri ba. Alhaji ya zauna a benci, dillalai suka kewaye shi, hira ta gangaro inda take gangarowa kullum.

Alhaji ya ce, "Ai Manu, kai ka san shi. Mu ne ba mu ji ba. Marowaci ne na gaske. Matsoraci kuma, ya ga takardata ya gudu, kamar yadda ya yi maka. Yaron nan ba shi da amfani ga kowa."

Wasu suka ce haka ne. Aka juyo ana kallon Manu, ana jira ya ɗora, yau ga 'yan kallo sun samu.

Manu ya tofar da tsinken da ke bakinsa. Ya ce, "Alhaji, babanka da babarsa ciki ɗaya suka fito?"

"A'a."

"Kun saci gyaɗa tare?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"To, da izinin wa kake zaginsa? Zagin nan gadona ne, ban sa shi a kasuwa ba. Ni in na ce marowaci, na san abin da nake nufi. Kai in ka faɗa, fili kake nufi."

Wani dillali ya yi tari don ya ɓoye dariya. Carbin Alhaji ya tashi da gudu. Ya ce, "Wato yanzu yabonsa kake yi."

"Allah ya kiyaye. Bawa ne, kuma bawa zai mutu. Amma in za ka ambace shi a gabana, ka ce Mai Shari'a."

Daga bakin kasuwa wata tsohuwa ta shigo tana jan jar akuya mai sheƙi, tana waige-waigen dillali. Manu ya ɗauki sandarsa ya saɓa a kafaɗa, ya bar Alhaji da tunkiyar da bai taya ba, ya nufe ta. Tun kafin ya isa ya fara girgiza kai yana cewa, "Sannu, Inna. Wannan tun yaushe take tari?"